Yadda Ake Haɗa Rukunin Wasan Labari na Kan Tebur Wanda Ba Zai Watse Ba

Tambayoyi iri biyu ne suka fi zuwa min kan wasan labari na kan tebur. Wasu suna cewa sun ga ana yi a bidiyo, sun yi sha'awa, amma ba su san ta inda za su kama ba. Wasu kuwa sun riga sun fara, sun yi zama biyu ko uku, sai abin ya bi ruwa, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa laifi. Amsar duka biyun ɗaya ce, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Ga wanda bai taɓa gani ba, mutane ne suke zama kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora: shi ke bayyana wurin da ake da abin da ke faruwa, shi ke magana da bakin duk wanda aka ci karo da shi a labarin. Sauran kowa yana riƙe da jarumi guda, yana faɗin abin da jaruminsa zai yi. Inda ba a san yadda abu zai kaya ba, sai a jefa dayis, wato ɗan abin jifa mai lambobi a fuskokinsa, ya raba gardama. Ba a sa kuɗi, kuma ba wanda yake cin wani, domin 'yan wasan ɓangare ɗaya suke.

Da wuya ka ga doka ta wargaza rukuni. Abin da ke wargaza shi, mutum biyar sun zauna a tebur ɗaya, kowa da wasan da ya zo yi a ransa, kuma ba wanda ya furta. Don haka jerin matakan nan yana da muhimmanci. Ka bi su a yadda suke, musamman kada ka tsallake na biyu ka faɗa na uku.

1. Tara mutane

Nemi 'yan wasa uku zuwa biyar, ban da jagora. A ganina huɗu ne daidai. Lissafin a fili yake: idan ana faɗa a labarin, kowane ɗan wasa ya ɗauki minti biyu kafin ya gama nasa, jagora kuma ya motsa abokan gaba, to a tebur mai mutum bakwai sai ka yi kusan kwata na awa kana jira a sake zagayowa kanka. Nan ne ake fara danna waya. Mutum biyu ma suna iya yin wasa mai daɗi, sai dai ranar da ɗaya bai zo ba, zama ya tashi.

Ka fifita wanda zai iya zuwa a kai a kai a kan wanda ya fi kowa zumuɗi amma ba shi da lokaci. Jagora kuwa galibi shi ne wanda ya tara mutanen, wato kai. Ba sai ka haddace littafi ba. Abin da ake buƙata a wurinka shi ne ka iya sauraro, kuma ka iya yanke hukunci ba tare da dogon jinkiri ba.

*Gargaɗi:* kada kunya ta sa ka gayyaci wanda ka san ba ya jituwa da wani a cikin rukunin. Gabar da ke waje takan shigo cikin labari ta ɗauki takobi.

2. Gano wasan da kowa ya zo yi

Wannan matakin ne ginshiƙin komai, kuma shi aka fi tsallakewa. A 2002 wani marubucin wasanni, Robin Laws, ya kasa 'yan wasa gida bakwai a littafinsa na shawarwari ga jagorori, wasu ma sun yi nasu rabon bayansa. Ba sai ka riƙe sunayen ba. Ga dai waɗanda za ka fi gani.

Akwai mai son faɗa da dabara. Shi daɗinsa a shimfiɗa taswira, ya ga inda kowa yake tsaye, ya gano cewa idan aka tare ƙofar can maƙiya ba za su iya shigowa ba sai ɗaya bayan ɗaya. Kusa da shi akwai mai gina jarumi, wanda zai kwana yana duba wace baiwa ce za ta haɗu da wane makami. Ana yawan yi masa kallon mai son kai, alhali yawancinsu so suke kawai a ba su damar nuna abin da suka gina.

Akwai mai shiga rigar jarumi. Yana canza murya, yana tuna sunan mai sayar da kaya da aka haɗu da shi wata biyu da suka wuce, kuma zai iya yin abin da ya san zai cutar da jaruminsa saboda halin jarumin ke nan. Mai son labari ya ɗan bambanta da shi: bai damu da murya ba, abin da yake so shi ne al'amura su motsa, asiri ya tonu, abin da aka shuka a zama na biyu ya tsiro a na tara. Mai bincike shi ne mai tambayar me ke bayan dutsen can, wa ya gina wannan kango, me aka rubuta a jikin bango. Sai mai tayar da ƙura, wanda idan ya ga shiru ya yi yawa zai danna abin da aka ce kada a taɓa.

Na ƙarshe, mai zuwa don zumunci. Ba ya yawan magana, bai karanta doka ba, yana jefa dayis idan an ce ya jefa, yana dariya tare da kowa. Jagorori sababbi sukan ɗauka ba ya jin daɗi, sai su riƙa tura shi gaba da ƙarfi. Ka ƙyale shi. Sau da yawa shi ne ba ya fashin zama, kuma shi ke sanyaya tebur idan an fara ɗaga murya.

Yadda za ka gano waɗannan: kada ka tambayi mutum wane irin ɗan wasa ne shi, domin wanda bai taɓa yi ba bai san amsa ba. Ba shi yanayi. Ka ce, "Kun iso ƙofar gari rana ta faɗi, mai gadi ya ce ba mai shiga sai gobe, kuma ana bin ku a baya. Me za ka yi?" Wani zai tambayi masu gadi nawa ne da irin makamansu. Wani zai fara roƙon mai gadin yana ƙirƙiro labarin uwa marar lafiya. Wani zai ce bari ya zagaya ganuwa ya ga ko akwai inda ta rushe. Wani zai ce a cinna wa rumfar gadin wuta. Ka ga mutum huɗu, wasa huɗu.

Ka yi wannan tambayar ga kowa shi kaɗai, a saƙo ko a gefe. Idan a taro ka yi, wanda ya fara magana shi kowa zai bi. Bayan haka ka ba kowa maki 10 ya raba tsakanin faɗa, hira da mutanen labari, da binciken wurare, waɗanda su ne turaku uku da masu shahararren wasan nan Dungeons & Dragons suke cewa wasansu ya tsaya a kai. Ka tara makin, za ka ga inda rukunin ya karkata.

Ban da halin kowane mutum, akwai abubuwan da rukuni gaba ɗaya yake bambanta a kansu, su ma sai ka ji ra'ayi. Shin labari ake so mai hanya ɗaya da jagora ya shata, ko buɗaɗɗen fili inda 'yan wasa ke zaɓar inda za su nufa? Raha da barkwanci, ko labari mai nauyi? Jarumi yana iya mutuwa saboda jifa ɗaya da ta zo a karkace, ko mutuwa sai a babban wuri? A bi doka kamar yadda aka rubuta, ko a bar wa jagora ya yi hukunci da hankalinsa? Duk amsoshin nan halal ne a wasa. Abin da ke ɓata zama shi ne rabin tebur su ɗauka ɗaya ake yi, rabi su ɗauka ɗaya.

*Gargaɗi:* kada ka liƙa wa mutum suna ka kulle shi a ciki. Galibi mutum yakan haɗa biyu ko uku, kuma wanda ya fara da son sara da suka yakan koma mai hira bayan ya saki jiki.

3. Zaɓi tsarin wasa da ya dace da su

Sai yanzu ake maganar littafi. Kowane tsari akwai irin wasan da dokokinsa suke turawa a yi, kuma babin da ya fi kowane girma a littafin zai gaya maka wanne ne.

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974, shi ya fi shahara. Bugu na biyar ya fito a 2014, an sabunta shi a 2024. Ana jefa dayis mai fuska 20, a ƙara lambar gwanintar jarumi, a gwada da lambar da jagora ya sa: 10 abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Ya dace da rukuni mai gauraye wanda faɗa ya samu maki mai yawa a cikinsa, kuma duk inda ka maƙale za ka samu bayani a intanet. Pathfinder na kamfanin Paizo ɗan'uwansa ne, bugu na biyu ya fito a 2019. A cikinsa kowane jarumi yana da motsi uku a zagayensa, zaɓin gina jarumi kuma ya fi yawa. Idan masu dabara da masu lissafi ne suka rinjaya, nan za su fi sakewa.

Idan bincike da tsoro ne suka rinjaya, duba Call of Cthulhu na kamfanin Chaosium, wanda ya fara fitowa a 1981. Gwaninta a cikinsa kaso ne cikin ɗari: idan jaruminka yana da 60 a binciken ɗakin karatu, sai ka jefa 60 ko ƙasa da haka. Jaruman mutane ne irina irinka, galibi a Amurka ta shekarun 1920, harsashi ɗaya yana iya gamawa da su, kuma hankalinsu yana raguwa gwargwadon abin da suka gani. Mai son ya ci kowa da yaƙi zai sha wahala a nan.

Masu son labari ya yi gudu su nemi wasannin da aka gina kan tsarin Apocalypse World na Vincent Baker, na 2010. Dayis biyu ne masu fuska 6. Idan jimla ta kai 10 ka yi nasara, 7 zuwa 9 ka samu abin da kake so amma da tsada, 6 zuwa ƙasa kuwa jagora ya jefo matsala. Wannan na tsakiyar shi ne sirrinsa, domin ko ba a ƙara komai ba, 15 daga cikin hanyoyi 36 da dayis biyun za su iya faɗuwa suna faɗawa tsakanin 7 da 9. Sau da yawa ana cin nasara ana kuma shiga sabon rikici. Blades in the Dark na John Harper, na 2017, labarin gungun ɓarayi ne a wani birni mai duhu, kuma yana da doka mai amfani ga rukunin da ke ɓata awa biyu wajen shiri: ana faɗawa aikin kai tsaye, idan an tarar da ƙofa a kulle sai ɗan wasa ya ce, "Ai jiya na ba mai gadin toshiyar baki," a koma baya a buga wannan.

Akwai kuma salon da, inda dokoki kaɗan ne, jarumi ba shi da ƙarfi, kuma hankalin ɗan wasa ne yake ceton sa. Basic Fantasy misali ne, kyauta yake a intanet.

*Gargaɗi:* kada ka ɗauki Dungeons & Dragons don kawai shi ka ji ana faɗa. Idan mutanenka sun ba faɗa maki kaɗan, za ku riƙa ɗauke da dokoki masu yawa da ba ku amfani da su. Haka nan kada ka fara gyara dokokin wasa kafin ka buga shi yadda yake, ko da zama uku ne.

4. Kayan aiki da abin da za a kashe

Zaman farko bai kamata ya ci kuɗi mai yawa ba. Ainihin dokokin Dungeons & Dragons suna nan kyauta daga kamfanin Wizards of the Coast. Dokokin Pathfinder suna shafin Archives of Nethys kyauta. Chaosium yana ba da ɗan littafin farawa na Call of Cthulhu kyauta, da labarin da za a buga da jarumai shiryayyu.

Abin da za a tanada: dayis saiti ɗaya mai guda bakwai, wato masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20, da wani mai fuska 10 na biyu da ake haɗawa a fitar da kaso cikin ɗari. Saiti ɗaya ya ishi tebur a farko, ko a yi amfani da manhajar jefa dayis a waya. Sai takardar jarumi ga kowa, fensir da abin gogewa, domin lambobi suna canzawa kullum, biro ba zai yi ba. Idan wasan mai taswira ne, takarda mai layin gida-gida ta wadatar, kowane gida na inci ɗaya yana tsayawa a matsayin ƙafa 5. Maɓallai ko murafan kwalba za su tsaya a madadin jarumai.

Masu yi daga nesa suna haɗa murya ta Discord, taswira da dayis kuma a Roll20 ko Owlbear Rodeo, dukkansu ana iya farawa da su ba tare da biya ba. Foundry, wani irinsu, sayensa ake yi sau ɗaya, jagora kaɗai ke saya, amma ka bar shi sai ka tabbata rukunin ya zauna da gindinsa.

*Gargaɗi:* manyan littattafai masu kauri da 'yan mutum-mutumi masu fenti su ne inda kuɗi ke zurarewa. Kada a saya sai bayan an yi zama huɗu ko biyar kuma kowa yana tambayar yaushe ne na gaba. Idan za a saya, a yi karo-karo. Jagora ya riga ya fi kowa ba da lokacinsa.

5. Zaman share fage

Kafin a fara labari, a yi zama guda wanda ba a wasa a cikinsa. Awa ɗaya zuwa biyu ya isa. Ka fara da faɗin abin da ka gano a mataki na biyu, ba tare da kama suna ba: "Mafi yawanmu bincike da hira muke so, akwai mai son faɗa, don haka kowane zama za a samu faɗa ɗaya mai kyau." Sannan ka bayyana labarin a jimla biyu ko uku, ka ji ko sun amince.

Daga nan a yanke waɗannan, a rubuta: tsawon zama, wanda awa uku zuwa huɗu ne aka saba, abin da za a yi da jarumin wanda bai zo ba, ko jarumai suna iya yi wa juna sata ko su yaƙi juna, abin da zai biyo baya idan jarumi ya mutu, da maganar waya a tebur. Shawarata kan sata da faɗa tsakanin jarumai ita ce a hana a rukuni sabo, sai dai idan duka mutum biyun sun yarda a wannan lokacin. Tun da galibin littattafan da Turanci suke, a nan ne kuma za ku daidaita kalmomin da za ku riƙa kiran abubuwa da su a harshen da kuke hira, don kada kowa ya riƙa kiran abu ɗaya da suna daban.

Sai iyakoki. Akwai hanyar da Ron Edwards ya bayyana ta layi da labule. Layi shi ne abin da ba zai shigo labarin ba sam, kamar cutar da yara. Labule shi ne abin da zai iya faruwa amma ba za a bayyana shi dalla-dalla ba, kamar azabtarwa: a ce ya faru, a wuce. Wasu ba sa son a shigo da bautar gumaka ko tsafi kusa da jaruminsu, wasu jini ne ba sa so, wasu gizo-gizo. A bar kowa ya rubuta nasa a takarda ba suna, kuma ba a tambayar dalili. Ƙari a kan haka akwai katin X na John Stavropoulos: kati ne da aka zana X a kai aka ajiye a tsakiyar tebur, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa, jagora ya canza akala ba tare da muhawara ba.

*Gargaɗi:* abokai na kusa su suka fi cewa ba sa buƙatar wannan saboda sun san juna. Ka yi duk da haka. Akwai abin da amininka bai taɓa gaya maka ba, kuma bai kamata a tsakiyar wasa a gaban mutane ya fito ba.

6. Ƙirƙirar jarumai

A wasan farko a yi amfani da jarumai shiryayyu. Idan an zo dogon labari, a ƙirƙira tare a tebur ɗaya, kada kowa ya yi nasa a gida. Kowane ɗan wasa ya amsa tambaya uku: me jarumin yake nema, me ya sa yake tafiya da waɗannan mutanen, kuma wa ya sani a cikinsu tun kafin yau. Rabin shafi ya isa tarihin jarumi.

*Gargaɗi:* kada ka karɓi jarumin da ba ya yarda da kowa, ba ya magana da kowa, kullum yana can gefe shi kaɗai. Wasan na taro ne. Ka ce wa mai shi ya kawo dalili ɗaya da zai sa jarumin ya tsaya wa sauran.

7. Shirin jagora

Fara da labarin da zai ƙare a zama ɗaya. Idan ya yi daɗi sai a ɗora.

Abin da za ka shirya shi ne yanayi: su wa ke wurin, me kowannensu yake so, me zai faru idan jarumai ba su sa baki ba. Kada ka rubuta abin da 'yan wasa za su yi, domin ba za su yi shi ba. Ka tanadi sunaye goma na mutanen da ba ka shirya ba, saboda tabbas za su tsayar da wani a hanya su tambayi sunansa. Idan akwai asirin da dole su gano, ka bi shawarar Justin Alexander ta alamu uku: duk gaskiyar da labari ya rataya a kanta, ka ajiye hanyoyi uku na gano ta. Ta farko za su wuce ba su gani ba, ta biyu za su yi mata gurguwar fahimta, ta uku ce za ta kai su.

Abu na ƙarshe kafin ka rufe littafin shirinka: rubuta sunayen 'yan wasanka a jere, a gaban kowane suna ka sa abu ɗaya da aka tanadar masa a wannan zaman. Mai dabara, faɗa a kan gada mai karyewa. Mai shiga riga, ganawa da ƙanwar jaruminsa da ta koma ɓangaren maƙiya. Mai bincike, ɗaki a ƙarƙashin rijiya. Mai tayar da ƙura, wani akwati da aka ce kada a buɗe, wanda ka riga ka san abin da ke ciki. Wannan ɗan jerin shi ke riƙe rukuni mai salo daban-daban. Shirin duka kada ya wuce tsawon zaman kansa, in ba haka ba za ka gaji kafin wata uku.

8. Gudanar da zama

Buɗe da abu yana faruwa. Maimakon doguwar shimfiɗa kan tarihin masarauta, ka ce: "Kwale-kwalenku ya daki wani abu a cikin duhu, ruwa ya fara shigowa ta ƙasa, a gaɓar can kuma ga fitilu uku suna matsowa. Kai da ke riƙe da filafili, me za ka yi?" Ka bayyana, ka tambaya, ka saurara, ka faɗi sakamako, ka juya ga wani. Wasan ke nan gaba ɗayansa.

A jefa dayis ne kawai idan abin yana iya faskara kuma faskararsa za ta haifar da wani abu. Buɗe ƙofar da ba a kulle ba ba ta buƙatar jifa. Idan jifa ta faɗi, kada ka ce "ba ka iya ba" ka yi shiru. Ka ce makullin ya buɗe amma ƙarfen ya karye da ƙara, ga takun sawu yana tahowa. Idan an yi saɓani kan doka, a ba shi minti ɗaya. Ba a samu ba, jagora ya yanke, a rubuta, a duba bayan an tashi.

Ka riƙa kallon fuskoki. Wanda ya daɗe bai yi magana ba, ka kira sunan jaruminsa ka tambaye shi abin da yake yi a wannan lokacin. A huta minti goma a tsakiya. Ka tsaya a inda ake ɗokin jin abin da zai biyo baya, ko da saura kwata lokaci ya cika. Kafin a watse, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya burge shi da abu ɗaya da yake fatan gani a gaba, kai kuma ka rubuta. Shirin zama na gaba ya fito daga nan.

*Gargaɗi:* kada ku auna kanku da Critical Role, shirin bidiyo na irin wannan wasan, wanda aka fara nunawa a 2015 tare da Matthew Mercer a kujerar jagora. Mutanen da ke wannan teburin sana'arsu ce yin muryoyi a fina-finai da wasannin bidiyo. Wanda bai iya canza murya ba ya ce "jarumina ya gaya masa cewa ba za mu biya ba," kuma ya yi wasa cikakke.

9. Idan salo ya yi karo

Zai yi, ko da an bi duk matakan da suka gabata. Wanda aka fi gani: mai shiga riga ya yi rabin awa yana ciniki da mai sayar da sirdi, mai son faɗa ya kifa kai. Maganinsa a hannun jagora yake. Ka ba cinikin minti biyar masu kyau, sannan ka yanke: "Kuna cikin haka sai ga ihu daga bakin kasuwa." Idan kuma faɗa ne ya ja, mai son labari ya gaji, ka sa maƙiyi ya yi magana a tsakiyar faɗan, ko ya gudu, ko ya miƙa wuya da sharaɗi. Ba dole ne kowane faɗa ya kai ga mutum na ƙarshe ba.

Mai yawan gyara wa jagora doka, ka ba shi aiki: shi ne mai duba littafi idan an buƙata, bisa sharaɗin hukunci naka ne. Mai tayar da ƙura, ka riƙa ajiye masa abin da zai taɓa wanda zai buɗe labari. Amma wanda yake ɓata wa sauran wasa yana fakewa da "ai haka jarumina zai yi," amsarsa ita ce shi ya ƙirƙiri jarumin, shi kuma zai iya canza shi.

*Gargaɗi:* matsalar mutum ba a warware ta a cikin labari. Kada ka aiko da dodo ya kashe jarumin wanda ya ɓata maka rai. Ka same shi shi kaɗai bayan zama, ka faɗi abin da ka gani da yadda ya shafi sauran, ka tambaye shi abin da yake nema a wasan da bai samu ba. Sau da yawa za ka tarar gundura ce. Idan an yi magana sau biyu ba canji, ko kuma ya fito fili cewa wasan da yake so ya saɓa da na kowa, a rabu cikin mutunci, zumunci ya ci gaba a waje. Wani teburin zai dace da shi.

10. Tsayar da rana

Rukunoni da yawa da suka daidaita a komai, rashin ranar haɗuwa ce take cinye su. A tsayar da rana ɗaya da lokaci ɗaya, kowane mako ko bayan mako biyu, a daina neman ranar da ta yi wa kowa a kowane karo. A sa ƙa'ida: muddin jagora da mutum uku sun samu, za a yi. Soke zama sau biyu a jere yakan zama ƙarshen rukuni, don haka ranar da ba a cika ba a buga ɗan gajeren labari na daban.

Kada ku ɗaura niyyar labarin shekara biyu. Ku yi alƙawarin zama shida zuwa takwas mai farko da ƙarshe. Idan an kai, a sake ɗan zaman share fage, a tambayi wanda zai ci gaba, wanda yake son a gwada wani tsarin, da wanda yake son ya karɓi jagoranci don mai yi ya huta. Idan kuwa mutanenku suna da yawa kuma lokutansu ba sa haɗuwa, akwai tsarin West Marches da Ben Robbins ya bayyana a 2007: babu tsayayyen rukuni, 'yan wasa ne suke haɗa kansu su zaɓi rana da inda za su bincika, su sanar da jagora tun da wuri, kuma ana ƙoƙarin kowane zama ya ƙare jarumai sun dawo gari. A wannan tsarin lallai a samu taswira ɗaya da kowa ke ƙara abin da ya gano a kanta, kuma bayan kowace fita mutum ɗaya ya rubuta taƙaitaccen abin da ya faru ya aika wa waɗanda ba su zo ba.